Mata biyu a bangon Orsay

Gidan adana zane-zane na Orsay, a bakin kogin Seine a birnin Paris, tun asali tashar jirgin ƙasa ce. An gina ta domin babban bajekolin duniya na 1900. Zuwa 1939 jiragen doguwar tafiya sun yi mata tsawo, suka daina tsayawa a cikinta, daga baya har aka yi shirin rushe ta, sai a ƙarshen 1986 aka buɗe ta a matsayin gidan zane. Har yau siffar tasha ba ta rabu da ita ba. Rufin gilashi ne can sama haske na zubowa ta cikinsa, ga ƙaton agogo mai ruwan zinare a saman mashiga, inda layin dogo yake a da kuma an jera mutum-mutumi na dutse da na tagulla.

Tare da yayata muka je. Ita ce mazauniyar Faransa, ni baƙuwa ce, amma ni na ja ta, don ba ta taɓa shiga gidan ba. Na gaya mata tun a layin shiga cewa zane ɗaya ya kawo ni, sauran duk ƙari ne.

Da gangan na fara bi da ita ta gaban wani zanen daban, shi ma a hawa na ƙasa. Sunansa Haihuwar Venus, wato abar bautar Romawan da, na Alexandre Cabanel, an nuna shi a 1863. Mace ce tsirara kwance a kan ruwan teku, gashinta ya bazu, ta ɗora hannu a goshi, idanu a lumshe, wasu jarirai masu fukafukai na shawagi a samanta. Fatarta sumul, ba ƙashi, ba nauyi, ba alamar ta taɓa taka ƙasa. Wannan zanen bai tayar da hankalin hukuma ba. Sarkin Faransa na lokacin, Napoleon na Uku, saye shi ma ya yi.

Yaya ta dube shi sau ɗaya ta kau da kai. "Ke, wannan kika kawo ni in gani?"

Na ce, "A'a Yaya. Ki dai riƙe shi a ranki, mu ƙarasa."

Olympia, zanen da ya kawo ni, tana can ɗaya ɓangaren. Édouard Manet ya zana ta a waccan shekarar ta 1863, da fenti a kan ƙyalle mai tsayin santimita 130 da faɗin 190. Mace ce ita ma tsirara, amma a kan gado take, gadon gaske, da manyan matasan kai da zanin gado da ya yamutse. Ta kishingiɗa a kan wani gyale mai adon furanni. Akwai fure a gefen kunnenta, siririn baƙin ƙyalle ɗaure a wuyanta, munduwar zinare a hannu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗayan ya zame. Hannunta na hagu ta kifa shi a cinya, yatsu a buɗe, ta danne. Jikinta ƙarami ne, kafaɗu a tsaye, hasken da ke dukanta mai ƙarfi ne har ya kusa shafe inuwa. A bayan gadon wata baƙar mace ce tsaye cikin riga mai hasken ruwan hoda da ɗankwali, tana miƙo ƙunshin furanni naɗe a farar takarda. A ƙarshen gadon kuma baƙar kyanwa ta gantsare, jela a sama. Ita Olympia ba furannin take kallo ba, ba 'yar aikin take kallo ba. Kai take kallo, ido cikin ido, ba murmushi, ba kunya, ba gayyata.

Da aka rataye zanen a 1865 a Salon, wato babban bajekolin zane na hukuma da duk mai zanen Faransa ke burin shiga, gari ya ɗauka. Jama'a suka yi cincirindo suna dariya suna zagi, sai da aka sa masu gadi don kada a ɓarke shi da sanda, daga baya aka ɗaga shi can sama inda ido ba ya kaiwa sosai. Masu sharhi a jaridu suka ce jikinta kamar gawa, suka ce ba ta yi wanka ba, wani ma ya kwatanta ta da goggon biri. Mutanen da suka yaba wa Venus ta Cabanel shekara biyu da suka wuce su ne suka tofa wa wannan yawu. Ke nan ba tsiraici ne ya ɓata musu rai ba, don tsiraici cike yake da bangon Salon kowace shekara. To mene ne?

Wannan tambayar ce ta kai ni Paris. Ni ba mai sha'awar kallon tsiraici ba ce, kuma ban ji daɗin tsayuwa a gabansa cikin taron baƙi ba. Amma na daɗe ina karanta abin da masu nazarin zane ta mahangar 'yancin mata suka rubuta a kan wannan aikin, kuma ina so in gwada maganganunsu da idona.

Abu na farko da suka koya mini shi ne in tambayi zane: a ina ka tsayar da ni? Manet ya ɗauko tsarin kwanciyar ne daga Venus ta Urbino, zanen Titian na 1538 da ke birnin Florence a Italiya, wanda ya taɓa kwaikwaya yana matashi. A can, matar tana kallon mai kallo da tattausan ido, ɗan kare na barci a ƙafafunta, kuyangi biyu na can nesa suna buɗe akwati. Komai a kwance, ba wanda ya san ka shigo. Manet ya cire karen mai barci ya sa kyanwar da ta firgita. Me ya firgita ta? Wani ne ya turo ƙofa. Furannin fa, wa ya aiko su? Wani ne da ke neman shiga. Olympia kuma ta ɗago tana duban inda wannan mutumin yake tsaye, wato daidai inda kake tsaye. Sunan Olympia kansa a Paris ta wancan zamanin suna ne da ake dangantawa da karuwai masu tsada. Attajiri ya zo Salon da matarsa a gefe don ya more kallon abar bautar Romawa, sai ya tsinci kansa a ɗakin da ya sani sarai, a matsayin da ya sani sarai, a bainar jama'a. Fushin nan na wanda aka gane ne.

Na ji wannan a jikina fiye da yadda na ji shi a takarda. Ni mace ce, amma zanen bai tanadar mini wurin tsayuwa na mace ba. Ya ajiye ni a inda namiji mai kuɗi a aljihu ke tsayawa, kuma matar ta dube ni da kallon da take yi masa. Masanin zane John Berger ya faɗa a 1972 cewa a al'adar zanen Turai maza ne ke kallon mata, mata kuwa suna kallon yadda ake kallon su. Laura Mulvey ta zo a 1975, ita a kan fina-finai take magana, ta nuna yadda ake gina hoto gaba ɗaya domin idon namiji, har macen da ke kallo ma sai ta ari idonsa. A gaban Cabanel mutum zai ari wannan idon bai sani ba, don an lulluɓe komai da tatsuniya da kumfar teku. A gaban Manet kuwa sai ka san ka ara. Shi ya sa idan aka tambaye ni wanne ya fi damuna a cikin biyun, na Cabanel ne. Macen da aka lumshe wa ido domin a kalle ta cikin kwanciyar hankali an fi cutar ta a kan wadda aka bar wa idonta.

Sai dai a nan na rabu da wasu daga cikin marubutan da nake girmamawa. Akwai masu cewa kallon Olympia kallon 'yanci ne, mace ce da ta mallaki jikinta ta ƙi a mallake ta. Na tsaya na daɗe ina neman wannan 'yancin a fuskarta, abin da na gani daban ne. Na ga mace a bakin aiki. Kallon na mai auna wanda ya shigo ne, ta san abin da ya kawo shi, ta san abin da zai biya. Hannun nan da ta danne ba kunya ba ce irin ta Venus, iyaka ce ta ciniki: ba a wuce nan sai an biya. Iko ne, ban musa ba, amma iko ne da bai wuce faɗin gadon ba. A Paris ta wancan lokacin 'yan sandan ɗa'a suna yi wa mata masu wannan sana'a rajista, a ba su kati, a tilasta musu gwajin likita a kai a kai, wadda aka samu da cuta ko ta saɓa ƙa'ida a kai ta kurkukun mata na Saint-Lazare. Mazan da ke zuwa wurinsu ba wanda ke gwada su, ba wanda ke rubuta sunansu. Masu tsada irin wadda aka zana sukan kuɓuta daga katin muddin suna da mai tsaya musu, ranar da ƙuruciya ta tafi kuma sai abin da hali ya yi. Manet ɗan babban ma'aikaci ne a ma'aikatar shari'a, ya san ta wace ƙofa irinsa ke shiga wannan ɗakin. Darajar zanensa a wurina ita ce ya faɗi gaskiya. Bai 'yanta kowa ba, kuma ba na jin daidai ne mu ɗora masa abin da bai yi ba don kawai muna son mu sami jaruma a bango.

Ina cikin wannan tunanin Yaya ta taɓo ni. Ashe ita tun da muka tsaya idonta ba a kan gadon yake ba.

"Wannan baiwar Allah fa, wace ce ita?"

Na ce sunanta Laure.

"Duba yadda take dubanta. Kamar tana cewa, za ki karɓa ne ko in mayar masa? Ita kaɗai ce a nan ba ta damu da mu ba."

Gaskiya ta faɗa. Olympia na kallon baƙo, kyanwa na kallon baƙo, Laure kaɗai ce ke kallon 'yar'uwarta mace. A hotunan da ake bugawa a littattafai da intanet, duhun koren labulen yakan haɗiye fuskarta har ta zama inuwa. A gaban zanen kansa ba haka ba ne. Ana ganin farin idonta, da ɗan jan ɗankunne, da yatsunta a kan takardar furannin, da yadda ta ɗan sunkuyo tana jiran amsa. Wurin da ta cika a jikin ƙyallen ba kaɗan ba ne, rigarta da furanninta sun mamaye kusan duk ɓangaren dama.

Amma fiye da shekara ɗari ana rubutu a kan zanen kamar mace ɗaya ce a ciki. Abin da ya fi ciwo, ba maƙiyan Manet kaɗai suka yi haka ba. Marubuci Émile Zola, wanda ya tsaya masa a 1867 lokacin da kowa ke jifansa, ya kare zanen ne da cewa magana ce ta launi kawai: mai zane yana buƙatar wuri mai haske sai ya sa furanni, yana buƙatar baƙin tabo sai ya ajiye baƙar mace da kyanwa a lungu. Ita da kyanwa a jimla ɗaya, aikinsu ɗaya. Haka aka ci gaba har zamaninmu. Masanin tarihin zane T. J. Clark, wanda ya yi dogon babi mai zurfi a kan Olympia da matsayin talaka da mai kuɗi a cikinta, ya amsa da kansa daga baya cewa ya cika shafuka a kan farar da ke kan gado, da ƙyar ya ambaci baƙar da ke gefenta. Su ma masu rajin mata na farko, yawancinsu farare, da suka ce "mace" wadda ke kan gadon suke nufi.

Wata mai zane baƙar fata 'yar Amurka, Lorraine O'Grady, ita ce ta ɗaga murya a 1992 da maƙala a kan 'yar aikin Olympia. Hujjarta mai zafi ce: an sa baƙar ne domin farin farar ya ƙara fitowa, al'adar Turai ta raba mace gida biyu, ta ba ɗaya kyau ta ɗora wa ɗayar duk abin da take ƙyama, kuma ba a bar wa ta biyun damar zama mutum mai ciki da tunani ba. Griselda Pollock a Ingila ta dubi abin ta wata fuskar, sannan Denise Murrell ta zurfafa shi. Murrell ta yi shekaru a harkar kuɗi kafin ta koma karatu a Jami'ar Columbia, ta zauna a lacca aka haska Olympia a bango, aka gama bayani ba a ce komai a kan baƙar macen ba. Daga nan digirinta na digirgir ya samo asali, daga shi kuma aka yi nuni a New York a 2018, aka faɗaɗa shi a nan Orsay a 2019 a kan baƙaƙen da suka zauna aka zana su a tarihin zanen Faransa. Murrell cewa ta yi a dubi tufafin. Masu zane kafin Manet sun saba zana baƙar mace a matsayin baiwa a gidan sarautar Gabas na mafarki, ƙirji a buɗe, an naɗe ta da kayan ado na baƙunta. Manet ya sa wa Laure rigar Turawa irin ta ma'aikatan Paris, da ɗankwali irin na matan tsibiran Karibiyan. Faransa ta soke bauta a ƙasashen da take mulka a 1848, shekara 15 kacal kafin wannan zanen. Ke nan wadda muke gani 'yantacciya ce mai aikin albashi, 'yar birni, a zamaninta.

Muka fito muna wannan muhawarar. A ƙofar gidan akwai gadar ƙafa da ke tsallaka Seine, an sa mata sunan Léopold Sédar Senghor, shugaban Senegal na farko. Muka haye ta muka faɗa lambun Tuileries, mai farin tsakuwa da korayen kujerun ƙarfe da jerin bishiyoyi da aka daidaita musu kai. A wannan lambun Manet ya fara zana Laure, tana renon wata yarinya a gefen wani ƙaramin zane na yara masu wasa, wanda yanzu yake Providence a Amurka. Ya kuma yi mata hoto ita kaɗai, daga kafaɗa zuwa sama, yana birnin Turin a Italiya. Olympia ce ta uku.

Yaya ta tsaya a kan bakanta: 'yar aiki dai 'yar aiki ce, ko da wace riga aka sa mata, kuma wanda yake so ya girmama mutum ba ya ajiye shi a bayan gado cikin duhu. Ni kuma na ce Manet bai ƙirƙiro mata matsayin ba, a nan Paris ta ajiye irinta, shi dai ya zana ta da fuskar mutum a lokacin da wasu ke zana ado. Har yanzu ina ganin Murrell ta fi kusa da abin da ke jikin ƙyallen, O'Grady kuma ta fi kusa da abin da masu kallo suka yi da shi. Laifin shafe Laure ya fi rataya a wuyan waɗanda suka tsaya gabanta shekara da shekaru suka ce ba su ga kowa ba. Amma ban iya ture maganar Yaya gaba ɗaya ba, don sunan zanen na mace ɗaya ne, hasken ma a kan mace ɗaya ya sauka.

Daga nan muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Place de Clichy a arewacin birnin. Dalilin zuwan layi ɗaya ne da Manet ya rubuta a littafin aljihunsa wajen 1862: sunanta, da cewa baƙa ce kyakkyawa ƙwarai, da adireshinta, lamba 11 a titin Vintimille, hawa na uku. Bai rubuta sunan mahaifinta ba. Titin gajere ne, ya taso daga titin Clichy ya ƙare a wani ɗan fili mai lambu, gidajen haya ne na dutse a jere hagu da dama. Muka tsaya a tsallake na ɗaga kai na ƙirga hawa. Ba wani abin kallo ba ne, amma tsayuwar ta canja mini zanen. Daga nan zuwa ɗakin zanen Manet na lokacin tafiyar ƙafa ce. Mace ce da ke biyan haya, take sauko da matakala da safe, take bin waɗannan titunan zuwa wurin aiki, ta tsaya riƙe da furanni har hannu ya gaji, a sallame ta ta koma. Murrell ta nuna cewa wannan yankin na arewacin Paris yana da baƙaƙe 'yantattu a lokacin, masu reno da masu aikin gida da masu wasan dandali, kuma Manet yana cuɗanya da wasunsu. Ya zana Jeanne Duval, abokiyar zaman mawaƙi Baudelaire, a 1862. Baƙar mace a ɗakin Paris ba baƙon abu ba ce a idonsa, maƙwabciya ce.

Wannan shi ne abin da na fi ɗauka daga irin wannan nazarin, fiye da maganar kallo. A ƙarƙashin Olympia da 'yar aikinta akwai wasu mata biyu na gaske, dukansu talakawa, dukansu an ɗauke su aiki. Ba karuwa da baiwa ba ne suka shiga ɗakin zanen, ma'aikata biyu ne aka ba kowacce rawar da za ta taka. Masaniyar tarihin zane Linda Nochlin ta tambaya a 1971 me ya sa tarihi bai ba mu manyan mata masu zane ba, ta amsa cewa ba a hazaƙa matsalar take ba, a ƙofofi take. Babbar makarantar zane ta Paris ba ta karɓi mata ba sai 1897. An daɗe ana hana mace zama ta koyi zana jikin mutum tsirara, alhali ita ce ake tuɓewa a zana. A 1989 ƙungiyar mata masu zane ta Guerrilla Girls ta ƙirga a sashen zanen zamani na gidan Metropolitan a New York, ta ce mata ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu zanen ba, amma kashi 85 na tsiraicin da ke bango na mata ne.

Shi ya sa ba na tare da masu cewa a sauke irin waɗannan zane-zanen a kai su ɗakin ajiya. An taɓa gwada cire wani zane na 'yan mata tsirara na ɗan lokaci a Manchester a 2018 domin a tayar da muhawara, kuma ta tashi. Amma idan aka sauke Olympia, shaidar ce aka ɓoye, Laure kuma ta sake ɓacewa tare da ita. Abin da nake so shi ne a faɗi sunayen matan biyu a duk inda aka faɗi na Manet, a kuma rataye aikin mata a kusa, ba a wani lungu na musamman ba. Orsay na da Rosa Bonheur da ƙaton zanenta na shanun huɗa na 1849, matar da sai da ta nemi izinin 'yan sanda kafin ta sa wando ta shiga wuraren dabbobi ta yi aikinta. Tana da Berthe Morisot, wadda Manet ya zana sau da yawa, ita kuma ta zama ɗaya daga cikin jagororin sabon salon zane na zamaninta.

Muka gangara ta titin Saint-Pétersbourg, inda Manet ya koma da ɗakin zanensa daga baya, har gadar Europe da ke kan layukan tashar Saint-Lazare. A wannan unguwar ya zana matar kan gadon karo na ƙarshe, a 1873, wannan karon cikin shuɗiyar riga da hula, da littafi da ɗan kwikwiyo a cinya, hayaƙin jirgi na tashi a bayan shingen ƙarfe. Kallon dai shi ne, kai tsaye.

Sunanta Victorine Meurent. An haife ta a Paris a 1844 a gidan masu sana'ar hannu, tana da shekara 19 aka zana Olympia. Marubutan farko da suka ba da tarihin Manet sun haɗa ta da matar da ta fito a matsayinta, suka bar mana hoton mashayiya da ta lalace ta ɓace. Sai da Eunice Lipton ta bi sawunta a ɗakunan ajiyar takardu, ta fitar da littafi a 1992, labarin ya miƙe. Victorine ta koyi zane. A 1876 alƙalan Salon suka karɓi aikinta, a shekarar da suka mayar wa Manet nasa. Ta sake shiga a 1879 da 1885 da 1904, kuma a 1903 ta zama mamba a ƙungiyar masu zanen Faransa. Ta rasu a 1927 a garin Colombes da ke gefen Paris, tana da shekara 83. Kaɗan ne ƙwarai daga ayyukanta suka tsira, ɗaya yana gidan tarihin Colombes, hoton da ta zana kanta kuma yana Boston.

Manet ya rasu a 1883 Olympia na hannunsa, ba ta sami mai saye ba. A shekarar Victorine ta rubuta wa matar da ya bari wasiƙa, tana tuna mata alkawarin da ya yi cewa zai ba ta wani kaso idan zane-zanen da ta zauna musu suka sayu, ta ce a da ta ƙi karɓa amma yanzu tana cikin buƙata. A 1890 wani mai zanen, Claude Monet, ya jagoranci karo-karo, aka tara kusan franc 20,000 aka sayi zanen daga hannun matar aka miƙa wa ƙasa. A 1907 aka shigar da shi Louvre, babban gidan zane na Paris, cikin manyan ayyukan da a da ake cewa ya ci mutuncinsu. Victorine na raye a lokacin, tana da shekara 63, ta kuma ƙara shekara 20 a duniya bayan haka.

Na gama ba Yaya wannan labarin muna jingine da shingen gadar, jirage na shiga suna fita a ƙarƙashinmu. Ta ce, "To mun ga yadda ya zana ta. Ita yadda take zane fa?" Daga Saint-Lazare jiragen Colombes ke tashi, tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba. Muka sauka cikin tashar neman na gaba.